Wa Ya Raɗa Wa 'Yan Nazi Suna?

Akwai wata kalma mai haruffa huɗu da ta zagaye duniya ba tare da kowa ya fassara ta ba. Bature yana faɗarta, Balarabe yana faɗarta, mai karanta labarai da Hausa a rediyo ma haka yake faɗarta: Nazi. Da zarar an ambace ta, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne Adolf Hitila, da Yaƙin Duniya na Biyu, da Yahudawa miliyan 6 da aka yi wa kisan ƙare dangi. Yawancin mutane sun ɗauka wannan shi ne sunan da jam'iyyar Hitila ta zaɓar wa kanta, kamar yadda kowace jam'iyya kan zauna ta fitar da sunan da za ta shiga zaɓe da shi.

Amma duk wanda ya duba katin ɗan jam'iyyar, ko kan takardun ofishinta, wani dogon suna zai tarar: Nationalsozialistische Deutsche Arbeiterpartei, wato Jam'iyyar Ma'aikatan Jamus Mai Ra'ayin Gurguzu da Kishin Ƙasa. In za su taƙaita shi sai su rubuta NSDAP. 'Ya'yan jam'iyyar suna kiran kansu Nationalsozialisten, suna kiran junansu Parteigenosse, ma'ana abokin tafiya a jam'iyya. Bayan sun karɓi mulki a 1933, kalmar Nazi ba ta samu gurbi a harshen hukuma ba, kuma ba da ita Hitila yake kiran mabiyansa a kan dandamali ba. Ke nan sunan da duniya ta san su da shi wani ne ya liƙa musu. Wane ne shi, kuma daga ina ya samo kalmar? Amsar tana nan, sai dai kafin a kai gare ta dole a kauce wa hanyoyi biyu masu ɓad da mutum.

Hanya ta farko ita ce wadda ake yawan yaɗawa a intanet. Masu wannan magana suna cewa an ciro Nazi ne daga ƙarshen kalmar Ashkenazi, sunan da ake kiran Yahudawan tsakiya da gabashin Turai da shi. Haruffa huɗun ƙarshe sun yi daidai, saboda haka wasu ke gina dogon labari a kai, har su ce akwai wata ɓoyayyiyar alaƙa tsakanin masu kisan da waɗanda aka kashe. Wannan zance ba shi da tushe ko kaɗan. Ashkenaz suna ne na Ibrananci da ya zo a cikin Attaura, a jerin zuriyar Annabi Nuhu ta wajen Yafisu. Ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Hitila, malaman Yahudawa sun riƙa kiran yankin kogin Rhine na Jamus da wannan suna. Harafin "i" da ke ƙarshe kuwa na danganta mutum da wuri ne, irin wanda ke ƙarshen Misri ko Iraƙi a Larabci. Ba a yanka kalmar a ce "Ashke" daban "nazi" daban, domin babu wannan rabuwar a cikin Ibrananci. Kamannin haruffa ne kawai, kuma masu yaɗa shi galibi ƙiyayyar Yahudawa ce ke ɗawainiya da su, ba neman sani ba.

Hanya ta biyu ta fi ta farko kama da gaskiya, har ma takan shiga bakin malamai. An ce an ɗauko "Na" daga National, aka ɗauko "zi" daga tsakiyar Sozialist, aka haɗa. Lissafin ya fita tsaf, kuma ya bayyana inda harafin "z" ya fito, tunda babu shi a cikin National. Sai dai akwai hanyar gwada wannan magana, ita ce a duba yadda Jamusawan wancan zamani suke gutsure dogayen kalmominsu. 'Yan sandan ciki na Hitila sunansu Geheime Staatspolizei, aka mai da shi Gestapo: Ge, Sta, Po. 'Yan sandan binciken manyan laifuka sunansu Kriminalpolizei, aka ce Kripo. Masu sintiri a titi Schutzpolizei ne, aka ce Schupo. Jirgin yaƙin nan mai kifowa ƙasa ya saki bam sunansa Sturzkampfflugzeug, aka ce Stuka. A kowane misali, kan kalma ake ɗauka a haɗa da kan wata. Ba a tsallake gaɓar farko a je tsakiya a tsinto wata. Da wannan ƙa'ida aka bi, National da Sozialist za su ba da "Naso" ne. Tunda Nazi muka samu, lalle ta wata hanya aka bi.

Bakin zaren yana cikin furuci, kuma duk wanda ya tsaya kan rubutu kaɗai ba zai gan shi ba. A Jamusanci, idan "ti" ta zo kafin wasali a kalmomin da aka aro daga Latin, ba a furta ta "ti", sai a ce "tsi". Bajamushe ba ya cewa "nashonal" kamar Baturen Ingila, "natsiyonal" yake cewa. Haka kuma harafin "z" a Jamusanci sautin "ts" yake bayarwa, shi ya sa sunan mawaƙin nan Mozart ake furta shi "Motsart". Yanzu a ɗauki kalmar Nationalsozialist a furta ta yadda mutumin Munik zai furta, a tsaya bayan gaɓa biyu: Na-tsi. In aka zo rubutawa, ba za a sa "Nati" ba, domin a wannan siga mai karatu zai furta "t" ɗinsa sak. Dole a kawo "z" don sautin ya tsira. Ashe duka haruffan huɗu daga kalma guda suka fito, daga National, kuma Sozialist ba ta ba da ko harafi ɗaya ba. A bakin Bajamushe kalmar "Natsi" ce.

Wannan ya warware batun harafi, amma ya bar wata tambaya. Me ya sa aka bar hanyar Gestapo da Kripo aka yanke kalma a gaɓa ta biyu? Dalili shi ne akwai wata tsohuwar kalma a siyasar Jamus da aka yi wa irin wannan yanka, kuma kowa ya saba da ita. Jam'iyyar ma'aikata ta asali a Jamus ita ce SPD, wadda tushenta ya faro tun 1863. Ta yi ƙarfi har shugaban gwamnati Otto von Bismarck ya kafa dokokin da suka hana ta sakat daga 1878 zuwa 1890. 'Ya'yanta ana kiransu Sozialdemokraten ko Sozialisten, abokan hamayyarsu kuwa suka gutsure sunan suka ce Sozi, wato "Zotsi" a furuci. Kalmar tana ɗauke da ƙanshin raini, irin wanda mai hali ke yi wa lebura da ya ɗaga kai yana neman haƙƙinsa. Lokacin da sabuwar jam'iyya ta ɓullo tana kiran kanta Nationalsozialist, awon ya riga ya samu. In waɗancan Sozi ne, to waɗannan Nazi ne. Kalmomin biyu suna da gaɓa biyu-biyu, suna da amo ɗaya a ƙarshe, suna zama daram a kan fasta ko a bakin mai ihu a wurin gangami.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba wani abin mamaki. Sai dai tsofaffin littattafai sun zo da abin da ya rikita lissafin. An haifi Hitila a 1889, jam'iyyarsa ta samu sunanta a 1920, amma kalmar Nazi ta girme su duka biyu. A 1835 marubucin wasan barkwanci na birnin Viyana, Johann Nestroy, ya fito da wani wasa da ke da wani sakaran saurayi mai suna Natzi. A 1905 marubucin Bavariya Ludwig Thoma ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Der Schusternazi, wato Nazi baduku mai ɗinkin takalma. A lokacin Hitila yana ɗan shekara 16, ba wanda ya san da shi. Ban da wannan, a 1903 an ga kalmar a rubuce ana nufin mabiya wata ƙaramar ƙungiyar siyasa ta wani limamin coci, Friedrich Naumann, wadda ake kira Nationalsozialer Verein. Ita wannan ƙungiya ta watse a shekarar, laƙabin ya bi ta, kuma masana asalin kalmomi ba su ga wata igiya da ta haɗa ta da mutanen Hitila ba. Amma Nazi na Nestroy da na Thoma fa? Su waɗanne ne?

Don gano su sai an koma baya shekara ɗari huɗu, zuwa ƙasar Sifaniya. A 1521 wani sojan ƙabilar Bask ya ji mummunan rauni a ƙafa a yaƙin Pamplona. Yana kwance yana jinya ya juya ga addini, daga baya duniya ta san shi da Ignatius na Loyola. Shi ya kafa ƙungiyar limaman Jesuit, wadda Paparoma ya amince da ita a 1540. A daidai wannan zamani Jamus ta rabu biyu saboda wa'azin Martin Luther, wanda ya fara a 1517. Arewaci ya karkata ga ɗarikar Furotesta, sarakunan Bavariya da na Ostiriya kuwa suka tsaya kan Katolika, suka gayyato limaman Jesuit don su riƙe musu jama'a. Limaman sun isa Ingolstadt a 1549, suka buɗe makarantu, aka gina musu babban cocin Mika'ilu a tsakiyar Munik kafin ƙarshen ƙarnin. Bayan an ayyana Ignatius a matsayin waliyyi a 1622, iyaye a ƙauyukan Bavariya da Ostiriya suka yi ta raɗa wa 'ya'yansu maza sunansa. A bakin Jamusawa sunan ya koma Ignaz, ana furta shi "Ignats".

Mutanen kudancin Jamus kuwa suna da al'adar gutsure suna su ƙara masa "i" a ƙarshe don nuna sabo. Kamar dai yadda Abdullahi kan koma Audu a gidajenmu, haka Ignaz ya koma Naz, ya koma Nazi. Manya sun ɗauki sunan Ignaz, cikinsu har da likita Ignaz Semmelweis, wanda a 1847 ya nuna wa asibitin Viyana cewa wanke hannu yana ceton ran mata masu haihuwa. Amma da yake sunan ya fi yawa a tsakanin manoma, sai 'yan birni suka mai da shi abin tsokana. A bakinsu Nazi ya zama bagidajen ƙauye, mai nauyin kai, mai kaushin hali, wanda in ya shigo birni sai ya yi abin da za a yi masa dariya. Da wannan ma'ana marubutan barkwanci suka riƙa sa wa wawan cikin wasa wannan suna, 'yan kallo kuma tun kafin ya buɗe baki sun san irin mutumin da za su gani.

Yanzu sai a dubi inda jam'iyyar ta tsiro. Ba a Balin ba ne, ba kuma a Hambug ba, a Munik ne, babban birnin Bavariya, cibiyar wannan laƙabi. A ranar 5 ga Janairu 1919 wani maƙerin ma'aikatar jirgin ƙasa, Anton Drexler, da wani ɗan jarida, Karl Harrer, suka kafa Jam'iyyar Ma'aikatan Jamus. A watan Satumba Hitila ya shiga. Ranar 24 ga Fabrairu 1920 suka tara mutane wajen 2,000 a babban zauren gidan giya na Hofbräuhaus. Dogayen tebura ne na katako, da manyan kofunan giya, da hayaƙin taba, 'yan adawa suna ihu ana yi musu rubdugu. A nan Hitila ya karanta manufofi 25, ciki har da wadda ta ce Bayahude ba zai zama ɗan ƙasa ba. A wannan lokaci ne aka ƙara wa sunan jam'iyyar kalmar Nationalsozialistische. An ƙera dogon sunan ne don ya kamo kowa: kishin ƙasa ga tsofaffin sojojin da ke jin zafin faɗuwa a yaƙin 1918, gurguzu da ma'aikata ga leburorin da ake son janyewa daga SPD da 'yan kwaminis.

To ga jam'iyya ta taso daga gidajen giyar Bavariya, shugabanta ɗan wani ƙaramin gari ne a kan iyakar Ostiriya mai suna Braunau, yana magana da karin harshen kudu, mabiyansa kuma sun yi suna wajen dambe da fasa taro. Ga kuma gaɓoɓi biyu na farkon sunanta sun faɗa daidai kan kalmar da ake kiran bagidaje da ita. Abokan hamayya ba su sha wahalar ƙirƙira ba, tsinta suka yi. Babban ƙamus na asalin kalmomin Jamusanci da ke ɗauke da sunan Friedrich Kluge ya nuna cewa a kudancin Jamus ne masu adawa da jam'iyyar suka rungumi kalmar, tun wajen 1924, saboda wannan ma'ana ta wauta. Ana kuma yawan ambaton ɗan jarida Konrad Heiden, haifaffen Munik, a cikin waɗanda suka yayata ta. Shi ya bi diddigin Hitila tun farkon shekarun 1920, ya fitar da tarihin jam'iyyar a 1932. Ke nan mai raɗa sunan ba mutum guda ba ne. Bakin 'yan adawa ne a Bavariya, inda hanyoyi uku suka haɗu: furucin National, da awon Sozi, da laƙabin Ignaz.

Sai dai akwai shaidar da kamar za ta rushe wannan bayani. Joseph Goebbels, wanda daga baya ya zama ministan farfagandar Hitila, ya rubuta wani ɗan littafi na tambaya da amsa a tsakiyar shekarun 1920, ya sa masa suna Der Nazi-Sozi. A 1934 kuma jaridarsa Der Angriff ta buga jerin rahotanni na wani jami'in rundunar SS ta jam'iyyar, Leopold von Mildenstein, da take mai cewa wani Nazi ya tafi Falasɗinu. In kalmar zagi ce, me ya kai ta bakinsu? Wannan tsohuwar dabara ce a siyasa: ka karɓe sandan da ake dukanka da shi ka riƙe a hannunka. Goebbels yana aiki a arewa da yammacin Jamus, inda ba a san Nazi bagidaje sosai ba, kuma gwani ne wajen gane kalmar da za ta kama kunne. Amma yunƙurin bai zama al'adar jam'iyya ba. Haruffa biyu na NS suka zaɓa su riƙa liƙawa a gaban sunayen ƙungiyoyinsu na mata da na malamai da na agaji. Gwamnatin da ke cewa za ta yi shekara dubu ba za ta so a riƙa kiranta da sunan wawan wasan kwaikwayo ba.

Saura tambaya guda: yaya laƙabin da aka haifa a lungunan Munik ya ƙetare teku? Zaɓe ne ya fara buɗe masa ƙofa. A 1928 jam'iyyar ta samu kashi 2.6 cikin ɗari na ƙuri'u da kujeru 12 a majalisar dokoki. Ranar 14 ga Satumba 1930, bayan karyewar tattalin arzikin duniya ta jefa miliyoyin Jamusawa cikin rashin aiki, ta tashi da kashi 18.3 da kujeru 107. Jaridun Landan da Faris da New York suka wayi gari dole su yi labarinta, kuma babu editan da zai cusa Nationalsozialistische a kanun labari. Haruffa huɗu suka fi masa sauƙi. Daga 1933 kuma dubban marubuta da 'yan jarida da malaman jami'a suka tsere daga Jamus, Heiden na cikinsu, suka tafi da kalmar a bakinsu zuwa duk ƙasar da ta ba su mafaka. Waɗanda suka karɓa ba su san Ignaz ba, ba su san Sozi ba. A wurinsu suna ne kawai. Firaministan Birtaniya Winston Churchill ya shahara da furta ta da "z" irin ta Ingilishi, yana ja mata wasali cikin ƙyama. Mu ma da "z" muke cewa 'yan Nazi, domin ta hanyar rubutu kalmar ta iso mana.

A gabashin Turai kuwa wata kalma daban ta yi rinjaye. Tarayyar Sobiyet ta fi kiransu 'yan fasist na Jamus. Asalin wannan kalma Italiya ce. Fascio na nufin dami, kuma a tsohuwar daular Rum ana ɗaukar damin sanduna da gatari a tsakiya a gaban manyan mahukunta don nuna ikon hukunci. Benito Musolini ya ari sunan ga ƙungiyar da ya kafa a Milan ranar 23 ga Maris 1919, ya hau mulki a Oktoba 1922, Hitila kuma ya yi koyi da shi a abubuwa da dama. Ga Mosko, kalmar fasist ta raba ta da wata matsala: ƙasar da ke kiran kanta ta gurguzu ba ta son a riƙa jin kalmar gurguzu a cikin sunan babban maƙiyinta. Wannan al'ada ta daɗe, har gwamnatin Jamus ta Gabas ta kira katangar Balin da ta gina a 1961 katangar kariya daga 'yan fasist.

A 1945 kalmar Nazi ta koma gida, amma tare da sojojin ƙawance. A taron Potsdam an amince a tsarkake Jamus daga aƙidar, aikin da aka kira Entnazifizierung. Jam'iyyar tana da mambobi wajen miliyan 8 da rabi a ƙarshen yaƙi. A yankin da Amurka ke riƙe da shi an raba wa manya takardar tambayoyi 131 su cike, aka kasa mutane gida biyar, daga manyan masu laifi zuwa 'yan bi-yarima zuwa waɗanda aka wanke. Laƙabin tsokana ya shiga takardun kotu.

Asirin kalmar ya tonu ke nan, amma abin da ya fi damuna a cikin labarin shi ne abin da ya tona game da waɗanda suka raɗa ta. Sun ga kaushin mutanen Hitila, sun ga jahilcinsu, kuma ba su yi ƙarya ba. Inda suka yi asara shi ne da suka ɗauka wanda ake yi wa dariya ba zai iya cutarwa ba. Wannan raini bai tsaya ga 'yan jarida da masu barkwanci ba, ya kai har fadar shugaban ƙasa. Shugaban ƙasar, Paul von Hindenburg, tsohon babban hafsan soja, yakan kira Hitila kofur ɗan Bohemiya. Franz von Papen, wanda ya ƙulla cinikin da ya ba Hitila kujerar shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933, an ruwaito yana bugun ƙirji cewa su ne suka ɗauke shi aiki, kuma cikin wata biyu za su matse shi a lungu. Hujjarsu ita ce a majalisar ministocin 'yan jam'iyyar biyu kacal ke tare da shi, Wilhelm Frick da Hermann Göring. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ba a cika wata biyun ba aka ga wanda ya matse wani. Ranar 22 ga Maris 1933 aka kai fursunonin farko sansanin gwale-gwale na Dachau, kusa da Munik, yawancinsu 'yan kwaminis da 'yan SPD. Washegari majalisa ta zauna a gidan wasan Kroll da ke Balin, domin ginin majalisar ya ƙone a watan Fabrairu. An rataya ƙatuwar tutar jam'iyya a bayan kujerar shugaban zama. Dakarun jam'iyyar na SA da SS sun yi layi a ƙofa da gefen zaure, suna zare wa 'yan majalisa ido. Kujerun 'yan kwaminis 81 babu kowa a kansu, wasu na tsare wasu na ɓoye. Daga 'yan SPD 120, mutum 94 ne suka samu halarta. Shugabansu Otto Wels ya miƙe a cikin wannan yanayi ya ce ba za su amince da dokar da za ta miƙa wa Hitila ikon yin doka shi kaɗai ba. Aka kaɗa ƙuri'a, 444 suka amince, 94 suka ƙi, kuma duka 94 ɗin waɗanda ake wa laƙabi da Sozi ne. Ranar 2 ga Mayu aka mamaye ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago, a watan Yuni aka haramta SPD. Jam'iyyar da ta sa ma'aikata da gurguzu a cikin sunanta ta fara cin ma'aikata da 'yan gurguzu kafin kowa.

Daga nan abin ya wuce Jamus. Ya kai ga dokokin wariya na Nuremberg a 1935, ya kai ga ɗakunan gas na Auschwitz da Treblinka. Baƙar fata ma bai tsira ba. A 1937 an yi wa ɗaruruwan yara a yankin Rhine, waɗanda iyayensu maza sojojin Faransa ne daga Afirka, aikin da ya hana su haihuwa har abada. A watan Yuni 1940 sojojin Jamus sun ware sojojin Afirka ta Yamma da suka kama a Chasselay, kusa da birnin Lyon na Faransa, suka harbe su saboda launin fatarsu. Waɗannan ayyuka ne suka cika kalmar da ma'anar da take ɗauke da ita yau, har tsohuwar ma'anarta ta bagidaje ta nutse, Jamusawa da yawa ma ba su san da ita ba.

Saboda haka nake ganin akwai haƙƙi biyu a kan duk wanda ya san wannan tarihi. Na farko, kada ya riƙa jifan duk wanda suka saɓa a siyasa da wannan suna. Yanzu an mai da shi abin zagi mai arha, shugabannin ƙasashe ma suna jifan juna da shi don halatta yaƙi, kuma duk lokacin da aka yi haka ana rage wa miliyoyin da aka kashe nauyin abin da ya same su. Na biyu ya fi wuya. Idan ɗan siyasa ya tashi yana cewa wata ƙabila ko wani addini ne tushen duk wahalar ƙasa, yana tara matasa majiya ƙarfi suna fasa taron abokan hamayya, kada kaushin harshensa ko ƙarancin karatunsa ya sa a mai da shi abin nishaɗi. A karanta abin da ya rubuta, a ɗauka da gaske yake, a tare shi da ƙuri'a da doka da haɗin kai tun yana da kashi 2.6. Hitila ya bayyana niyyarsa a fili tun 1920, a gaban mutum 2,000, kuma ya samu shekara 13 kafin ya hau mulki. A cikin waɗannan shekaru masu adawa da shi sun fi shi ilimi, sun fi shi iya barkwanci, na tsawon lokaci ma sun fi shi yawan ƙuri'u, amma ba su haɗa kai sun tsayar da shi ba.